Takalmin da Na Saya wa Metir Haruna

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da tsoffin ɗaliban makarantarmu suka taru don karrama Metir Haruna ba. Ni na tsara taron, ni na riƙe mikiro, kuma ni ne na kunyata shi a gaban mutanen da ya fi so su gan shi da mutuncinsa. Shekara biyu ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai ina cin abinci, sai in tsame hannu. Na daɗe ina ba da labarin rabi da rabi, ina tsallake inda ya fi muni. Yau dai zan faɗe shi duka.

Metir Haruna shi ne malamin wasanni na farko a lisenmu, wato sakandarenmu, can wajen unguwar Kabalaye. (Metir muke ce wa malamin wasa, yadda Faransanci ya bar mana, kuma ban taɓa jin wanda ya kira shi Malam ba, har limamin unguwarsu.) Lokacin da ya kama aiki ni ina goye. Yayyenmu ne suka ba mu labari cewa inda filin ƙwallo yake yanzu, da juji ne da ƙaya, awakin unguwa ke kiwo a ciki. Shi ya jera ɗalibai kowace yamma suna tsince ƙaya da fasassun kwalabe da hannu, har wurin ya taku. Ya saro itacen darbejiya ya kafa raga. Ba shi da farar ƙasar zana layi, sai ya bi mahautan unguwar Paris-Congo yana roƙon tokar tukubarsu. Babana na cikin masu ba shi, kuma har ya rasu yana mamakin mutum mai ilimin boko da ke yawo da buhun toka a bayan keke.

Dattawanmu Hausawa ba su ɗauki aikin a bakin komai ba. A wurinsu namiji ko dai ya bi shanu, ko ya yanka nama, ko ya yi fatauci. Wanda gwamnati ke biya don ya sa gajeren wando ya busa usur, wannan sai addu'a. Bai taɓa musu da su ba. Ƙwallo iri biyu ya koyar, ta ƙafa ga maza, ta hannu ga mata, kuma ta matan ce ta fi ba shi wuya. Gida gida ya bi yana zama a zaure, yana shan shayi da iyaye, yana yi musu alkawarin dogon wando da ɗankwali da dawowa kafin magariba. Wasu suka yarda, wasu suka ce ya tashi ya ba su wuri. A shekarun tashin hankali da mutane suka tsallaka kogi gudun yaƙi, shi ma ya tsallaka, ya tara yaran da ya samu a can yana yi musu atisaye a kan rairayi. Da aka dawo ya tarar ƙaya ta sake cinye filin, ya sake jera yara aka fara daga farko.

A zamaninmu ya riga ya fara furfura, amma ƙafarsa ta dama ba ta san da haka ba. In ya ajiye ƙwallo ya ce zai buga turken hagu, to turken hagu za ta daka. Ni na fi kowa sanin wannan ƙafa, don ni ne mai tsaron raga. (Kada ku ɗauka iyawa ce ta kai ni. Ba na iya gudu, ga ni da faɗi, sai Metir ya ce tunda Allah ya ba ni jiki, in je in toshe wani abu da shi.) Tun daga ranar yake ce mini Gola, sunana na yanka kuwa ina shakkar ko ya taɓa riƙe shi. Shekarar da babana ya so ya cire ni daga makaranta in koma kasuwar nama, Metir ne ya zo ya zauna a kan benci kusa da tukuba tun la'asar, hayaƙi na shiga masa ido, har babana ya haƙura. Duk takardar da na samu a duniya, daga wannan zama ta fito.

To ga inda halina yake. Na gama makaranta, na samu aikin ofis, na yi aure, na ajiye tumbi. Metir ya yi ritaya ya koma unguwar Diguel. Tsakanin gidana da nasa bai kai tafiyar rabin awa a kan babur ɗin hayar nan da muke ce wa kilando ba, amma sai da na yi shekara goma sha ɗaya ban taka gidan ba. Ba faɗa muka yi ba, ba komai. Kullum cewa nake sai Lahadi. Da salla nakan aika masa saƙon barka a waya, irin dogon nan mai furanni da ake tura wa mutum ɗari a lokaci guda. Amma a majalisa in aka ambaci sunansa, ni ne mai gyara zama in ce, "Ai Metir ubana ne." Na faɗa na faɗa har ni kaina na yarda.

Shi ya sa da shugaban makaranta ya ce za a sa wa filin sunan Metir Haruna, a kuma yi wasan tsoffin ɗalibai, babu wanda ya yi gardama da aka ce ɗansa ne zai tsara. Ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu. Na buɗe zaure a waya, na tara labarai daga bakin yayyenmu, na rubuta jawabi shafi shida. Tarihin mutum guda na haɗa tun daga kekensa har ritayarsa, ban tambaye shi kalma ɗaya ba.

Na kira wayarsa don in sanar da shi rana, sai 'yarsa Mariyama ta ɗauka. Ita ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Ta ce Baba ya ɗan yi jinya, ciwon suga ne ya taso masa. Na ce, "Ya jikin nasa yanzu?"

Ta ce, "Da sauƙi, Yaya. Amma da ka zo ka gaishe shi kafin ranar."

Na ce in sha Allahu. Bayan mako guda na sake kira kan maganar motar da za ta ɗauko shi. Ta ce kada in damu da mota, Sale zai kawo shi. Sannan ta ƙara cewa, "Yaya, da dai ka leƙo. Ko minti goma ne."

Na ce mata aiki ya yi mini yawa, kuma duk aikin nan na Baba ne nake yi. Ni Bahaushe, ɗan Bahaushe, wanda ya san mutanenmu ko a gadon mutuwa suke cewa za a yi da sauƙi, wanda ya san mace mai kunya ba za ta ce wa yayanta ya zo har sau biyu a banza ba, na kashe waya na ci gaba da zaɓen kalar rumfa. Sale ɗin da ta ambata ɗan ajinmu ne. A ƙungiya shi ne wanda bai taɓa shiga wasa ba sai in wani ya ji ciwo, yanzu kuma nama yake sayarwa a kasuwar Diguel. Ban ma sa shi a kwamiti ba, don a ganina ba shi da baki.

Ana saura kwana uku dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in Allah zai nuna masa iyakarsa. A al'adar wasa, babban baƙo ne ke yin bugun farko a tsakiyar fili kafin a fara. Na ce wa kaina, wa ya fi cancanta ya buga ƙwallon farko a filin da ya share da hannunsa? Na shiga kasuwa na sayi takalmin ƙwallo baƙi mai farin zane, mafi tsada a shagon, na sa aka naɗe kwalin da takarda mai sheƙi. Ban gaya wa kowa ba, ko matata. So nake in ba mutane mamaki, kuma a wannan kam na yi nasara.

Ranar Asabar an sa taro ƙarfe huɗu. Na iso uku da rabi cikin sabuwar shadda, sai na tarar Metir ya riga kowa zuwa. Yana zaune a tsakiyar rumfar manyan baƙi, bayan teburin da aka lulluɓe da farin ƙyalle har ƙasa. Ya sa farar jallabiya da hula, usur ɗinsa na da rataye a wuya, an rufe masa cinya da bargo. Watan zafi ne, irin zafin garin nan da ko inuwa ba ta ceton mutum. Na ga bargon da idona, na ce a raina tsufa ke nan, jini ya yi ƙasa. Na miƙa masa hannu ta saman tebur na ɗan rusuna.

Ya riƙe hannuna ya dube ni ya ce, "Gola. Ka ƙara faɗi."

Na yi dariya har da ƙyaƙyatawa don na kusa su ji yadda muke da shi. Ya rame ƙwarai, amma muryar tana nan. Mariyama na tsaye a bayansa, ta gaishe ni ba ta ɗago ido ba. Sale na gefe a kan kujerar roba, ya yi kamar zai ce mini wani abu, na ce masa ya bari sai an tashi, yanzu hankalina na kan masu lasifika.

Mutane suka cika fili. Ga tsoffin 'yan wasa da tumbinsu cikin riguna masu lamba, ga matan ƙwallon hannu na da, wasu da jikokinsu, ga ɗaliban yanzu sun kewaye layi. Aka buɗe da addu'a, shugaban makaranta ya yi nasa, aka miƙo mini mikiro. Gaskiya jawabin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Da na zo kan buhun toka aka yi dariya, da na zo kan tsallaka kogi na ga wata dattijuwa tana share ido da bakin gyale. Daɗin abin ya ɗebe ni, sai na bar takarda na fara zuba daga kaina. Na ce ni ba ɗalibinsa ba ne kawai, ɗansa ne. Na ce gidansa gidana ne, ba a yi mini iso. Na ce duk halin da Metir yake ciki, ni ne na farkon sani. Ina faɗa ina dukan ƙirji.

Sannan na ɗaga kwalin sama na yage takardar, na fito da takalman ɗaya a kowane hannu, mikiro a hammata. Na ce ƙafar nan ta dama da ta hana mu barci muna yara, yau za ta sake taɓa ƙwallo a gaban idonmu. Na faɗa da Faransanci. Na maimaita da Larabci. Na sake faɗa da Hausa, don kada a samu ko mutum ɗaya a filin da zai ce bai gane ba. Ɗalibai suka ɗauki tafi da ihu suna kiran sunansa.

A rumfar kuwa babu mai tafi sai baƙin da ba su san komai ba. Na hangi Sale ya miƙe yana kaɗa mini hannu, na ɗauka murna yake, na kaɗa masa nawa. Mariyama ta sa hannu ta rufe baki. Metir ya dube ni ya girgiza kai a hankali, ya ce, "Bari, Gola." Na ji shi sarai. Na juya wa jama'a na ce kun ga kawaicin manya, wai kunya yake ji, to yau ɗansa ne zai sa masa takalmi da hannunsa. Na zagaya tebur, na ture shi gefe don masu hoto su samu hanya, na durƙusa a gabansa, na yaye bargon.

Ƙafa ɗaya na gani, ta hagu, cikin silifa. A dama wandon an naɗe shi a ƙasan gwiwa an kama da fil.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Na dai san na ce innalillahi, kuma mikiro na hammatata, saboda haka duk filin ya ji. Tafin ya mutu daga gaba zuwa baya, na nesa suna tambayar na kusa me ya faru, na kusa suna gaya musu. Takalmin dama na hannuna, na rasa inda zan kai shi. Na yi ƙoƙarin mayar da bargon, ya zame ya faɗi ƙasa. Kunya na sha ji a rayuwata, amma wannan ta haɗu da baƙin ciki, don na ga fuskarsa. Bai yi fushi ba. Kallon ɗaliban nan yake da suka yi cirko-cirko suna leƙen gwiwarsa, kuma na ga yadda abin ya yi masa ciwo.

Ya miƙo hannu ya zare mikiro daga hammatata. Ya yi sallama, aka amsa. Ya ce, "Kafin azumi aka yanke ta. Ciwon suga ne. Waɗanda suka zo gida sun sani." Bai ko dube ni ba. Sai ya ce, "Sale, zo ka kama."

Sale da wani tsohon ɗan wasa suka ɗauke shi da kujerarsa, suka ratsa filin da shi har tsakiya, mutane na darewa. Ya ce a ba shi ƙwallo. Ya juya ta a hannu, ya ce tunda iri biyu ya koyar, ɗaya ta rage masa. Ya ɗaga ta da hannun dama ya jefa wa kyaftin, ya busa usur. Matan ƙwallon hannu suka fara guɗa, wasunsu na kuka. Aka yi wasa, ban san wanda ya ci ba. An sa ni a raga a takardar 'yan wasa, amma babu wanda ya neme ni, ni ma ban nemi kowa ba. Bayan rumfa na zauna kusa da masu sayar da karkanji, wato zoɓo, har aka watse.

Kwana uku ban fita ba sai masallaci. A na huɗu na hau kilando zuwa Diguel, kuma abin da zai ƙara muku sanin irin ɗan da nake, sai da na tsaya na tambayi mai shago gidan Metir Haruna. Mariyama ce ta fito. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. A zaure ta gaya mini cewa shi ya hana a baza maganar. Ya ce wanda ya zo ya gani, wanda bai zo ba a bar shi. Tun da aka sa ranar taro yake shiri. Shi ya ce a kai shi tun ƙarfe biyu cikin ranar nan, kafin kowa ya zo, don kada ɗalibansa su ga ana ɗaukarsa. Shi ya roƙi a sa ƙyallen tebur ya kai ƙasa. Niyyarsa ya zauna har kowa ya tafi sannan a ɗauke shi.

Ta ce, "Yaya, abu ɗaya ya roƙa a taron nan. So yake yaransa su ci gaba da tuna shi a tsaye."

Na shiga na same shi a kan katifa a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, Sale na gefe yana yanka masa farce. Ashe duk Juma'a yake zuwa, shekara da shekaru, kuma shi ya kwana da shi a asibiti. Na zauna a ƙasa na ce, "Metir, ka yafe mini." Na so in ƙara bayani, maganar ta ƙi fitowa, ni da na yi shafi shida.

Ya ce, "Na yafe tun a fili. Abin da ya ɓuya ya riga ya fito, hutu ma na samu, zafin bargon nan ya ishe ni." Sannan ya nuna kwalin takalman nan da ke jingine da bango. "Na gwada na hagun. Ya yi mini kaɗan. Ko wadda ta rage ba ka san lambarta ba, Gola."

Sale ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Ni ma na yi, hawaye na zuba.

Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, amma abin da ya roƙa bai samu ba, ni na hana shi. Bai sake fita wani taro ba har Allah ya karɓi abinsa bayan wata bakwai. A watannin nan na je Diguel fiye da yadda na je a shekara goma sha ɗaya, sai dai ba na ƙirga wannan a matsayin abin kirki, biyan bashin kunya ne. Ɗaliban yanzu ba su san mai buga turken hagu ba. In ka tambaye su wane ne mai sunan filinsu, cewa suke tsohon nan mai ƙafa ɗaya. Hoton da makaranta ta rataya a ofishin shugaba ma na ranar ne, yana tsakiyar fili a kan kujera da ƙwallo a hannu. In ka duba can baya za ka ga wani mai sabuwar shadda riƙe da takalmi guda.

Yanzu in aka ce in tashi in yabi mutum a taro, sai in fara tambayar kaina yaushe rabon da in sha ruwan gidansa. In na kasa tunawa, sai in ce maƙogwarona na ciwo, a ba Sale. Shi jawabinsa ba ya wuce layi biyu, kuma har yau ban ji ya kunyata kowa ba.